Yadda Jama'ar Najeriya Suka Rarrabu Daga Bakin Teku Zuwa Iyakar Nijar: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙidaya a Legas, ko a majalisar 'yan goro da ke Agege ko a rumfunan kasuwar Mile 12, gardamar takan tsaya ne a kan tambaya guda: tsakanin Arewa da Kudu, ina ne aka fi yawa? Raba ƙasa gida biyu irin wannan yana ɓoye abubuwa masu yawa. Masana ilimin ƙasa suna da wata hanyar duba lamarin, wato su yayyanka taswira bisa layukan kwance, sannan su lissafa mutanen da ke zaune tsakanin kowane layi da na gabansa. Amsoshin da ke ƙasa sun bi wannan hanya, kuma yawancin alƙaluman da ke cikinsu na ƙidayar 2006 ne, domin ita ce ta ƙarshe da aka gudanar.

Mene ne layukan kwance, kuma me ya bambanta su da na tsaye?

Layukan kwance, waɗanda ake kira latitud, layuka ne da masu zana taswira suka shata daga gabas zuwa yamma domin auna nisan wuri daga Ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu. Ikwaita tana kan digiri 0, ƙuryar arewacin duniya kuma tana kan digiri 90, sannan tsakanin kowane digiri da mai bi masa akwai tazarar kimanin kilomita 111. Layukan tsaye kuwa suna auna nisa ne ta gabas da yamma, kuma su ne ke da alhakin bambancin lokaci. Mai azumi a Legas ya san wannan ko da bai taɓa buɗe taswira ba, domin 'yan'uwansa na Maiduguri kan riga shi shan ruwa da kusan minti 40. Abin da layukan kwance suka fi shafa a wannan yanki na Afirka shi ne ruwan sama: yawansa, lokacin saukarsa da tsawon damina.

Najeriya tana tsakanin waɗanne layuka, kuma ina manyan garuruwa suka faɗa?

Ƙasar ta faro ne daga ɗan sama da digiri 4 arewa da Ikwaita, a bakin teku ta wajen jihar Bayelsa, ta ƙare kusa da digiri 14 a arewacin jihar Sakkwato, wato kimanin digiri 10 ke nan. Fatakwal da Kalaba suna ƙasa da digiri 5 kaɗan. Legas tana kan digiri 6 da rabi, kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kusan layi ɗaya take da Inugu, duk da nisan da ke tsakaninsu. Benin, Asaba, Anaca da Abakaliki su ma suna tsakanin digiri 6 da 7. Ibadan, Lakwaja da Makurɗi suna tsakanin 7 da 8, Ilori tana kan 8 da rabi, Abuja ta ɗan haura 9, Jos tana daf da 10, Kaduna kuma 10 da rabi. Zariya ta ɗan wuce 11, Kano tana kan 12 cif, Maiduguri tana ƙasa da ita kaɗan, sannan Katsina da Sakkwato suna wajen digiri 13.

Akwai abin lura guda kafin a fara lissafi. Faɗin ƙasar ba ɗaya ba ne a kowane layi. A kan digiri 5 bai kai kilomita 500 daga yamma zuwa gabas ba, amma a kan digiri 12, daga iyakar Kebbi zuwa gabashin Borno, ya kusa kilomita 1,200. Saboda haka yanki na arewa yana iya ɗaukar mutane masu yawa a jimlace ba tare da sun cunkushe ba, kuma wajibi ne a bambanta yawan jama'a da cunkosonsu.

To, a waɗanne layuka ne jama'a suka fi taruwa?

Idan aka zana rabon jama'ar Najeriya daga kudu zuwa arewa, siffar da za ta fito ta kalangu ce: faɗi a baki biyu, matsewa a tsakiya, sai dai bakin kudu ya fi na arewa girma. Ƙidayar 2006 ta ba da jimillar mutum 140,431,790. Jihohi 17 na Kudu, waɗanda mafi yawan ƙasarsu take ƙasa da digiri 8, sun ɗauki kimanin miliyan 65, wato kashi 46 cikin ɗari na jama'a a kan kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar. Jihohi takwas da mafi yawan ƙasarsu take sama da digiri 11, wato Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suna da kimanin miliyan 36, ɗan sama da kwata na jama'a. Sauran jihohi 11 da Babban Birnin Tarayya sun mamaye kusan rabin faɗin ƙasar, amma mutanensu ba su wuce miliyan 39 ba.

Cunkoso ya fi fito da bambancin sarari. Jihar Legas, wadda ita ce mafi ƙanƙanta, tana da kimanin mutum 2,500 a kowace murabba'in kilomita bisa waccan ƙidaya, Anambra fiye da 800, Kano kusan 470. Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗi da murabba'in kilomita 76,363, tana da ɗan sama da mutum 50 kacal, Taraba kuma ba ta kai 45 ba. Jihohin Kudu maso Gabas guda biyar idan aka haɗa su ba su kai faɗin Zamfara ita kaɗai ba, amma sun ninka ta kusan sau biyar a yawan mutane. Haka kuma ba ƙarshen kudu ne ya fi cika ba, domin Bayelsa, inda ƙasa take da fadamu da rassan kogi da dazuzzukan bakin teku, ita ce jiha mafi ƙarancin jama'a, da mutum miliyan 1.7.

Me ya sa tsakiyar ƙasa ba ta da mutane da yawa, alhali ta fi Kano ruwan sama da filin noma?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a tsaya a kanta. Duk direban tirela da ya saba bin tsohuwar hanya daga Legas ya san abin da ake nufi: daga Shagamu zuwa Ibadan, Oyo, Ogbomosho har Ilori, gari ne bayan gari, amma da zarar ya haye gadar Jebba ya wuce Mokwa, sai daji ya miƙe, ya yi ta tafiya ta Tegina da Birnin Gwari yana ganin ƙauyuka jefi-jefi, kuma gonaki ba sa sake haɗewa da juna sai ya doshi Zariya.

Dalili na farko cuta ce. Dajin tsakiya, mai dogayen ciyayi da itatuwa a bakin rafuka, shi ne gidan ƙudan tsando, wanda ke sa wa mutane ciwon barci, ya kuma sa wa shanu da dawaki da jakuna sammore. Inda dabba ba ta rayuwa, babu taki, babu madara, babu abin ɗaukar kaya, don haka noma ya dogara ne ga sare sabon daji a bar tsohuwar gona ta huta shekaru, kuma irin wannan noma ba ya riƙe mutane da yawa a wuri ɗaya. A bakin koguna masu gudu kuma akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da cizonsa ke jawo makanta, wanda ya sa aka ƙaurace wa wasu daga cikin filaye mafi albarka. Lamarin ciwon barci ya yi tsanani har gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaddamar da shirin Anchau a lardin Zazzau cikin shekarun 1930, inda aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka kuma gina sabon garin Takalafiya.

Dalili na biyu tarihi ne, kuma ba daɗin faɗa gare shi ba. Tsawon ƙarnuka wannan yanki ya zama wurin farautar bayi, daga masarautun arewa da kuma dauloli na kudu masu ciniki da Turawa a bakin teku. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 hare-haren Kontagora da Bida sun watsa garuruwa da yawa, waɗanda suka tsira kuma suka hau duwatsu, shi ya sa ake samun tsofaffin ƙauyuka cunkushe a tsaunukan Filato da Mandara alhali filin da ke ƙarƙashinsu fayau yake. A ɓangaren Yarabawa ma, faɗuwar tsohuwar Oyo a shekarun 1830 ta kora jama'a daga wajen digiri 9 zuwa kudu, inda suka cika Ibadan da Abeokuta da Ogbomosho. Ba mamaki ba ne da manyan gandun dajin ƙasar suka kasance a wannan ɗamara. Na Gashaka-Gumti shi kaɗai ya haura murabba'in kilomita 6,000, kusan ninki biyu na jihar Legas.

Duk da haka tsakiyar ba kango ba ce. Ƙasar Tibi a Binuwai, kewayen Jos da kudancin Kaduna suna da jama'a gwargwado.

A Legas ana yawan cewa ba zai yiwu wurin da ke kusa da hamada ya tara mutane haka ba. Yaya gaskiyar wannan magana?

Masu wannan magana suna kafa hujja da cewa a ƙasashe irin su Ghana da Kwaddibuwa kudu ta fi arewa cika, kuma wannan gaskiya ne. Abin da suka manta shi ne a faɗin Afirka ta Yamma akwai ɗamara ta biyu mai cunkoso tsakanin digiri 11 da 14, wadda ta haɗa da ƙasar Mosi da ke kewaye da Wagadugu, ƙuryar arewa maso gabashin Ghana, Maraɗi da Damagaram, da ƙasar Hausa ta Najeriya. Kano ba hamada ba ce. Takan samu ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara, kusan rabin na Legas, kuma yana sauka ne a dunƙule tsakanin Yuni da Satumba, daidai abin da gero da dawa da wake da gyaɗa suke bukata. Hatsi kuma yana ajiyuwa a rumbu shekara da shekaru, abin da doya ba ta yi.

Bushewar yanayin ma alheri ce ta wata fuska, domin ƙudan tsando ba ya jure ta, don haka dabbobi suka wadata. Manomin karkarar Kano ba ya barin gonarsa ta huta. Taki ne ke riƙe da ita. Da rani za ka ga jaki da mangala cike da toka da shara da kashin awaki ana fitar da su daga gari, ana zubawa tsibi-tsibi a gona kafin ruwan shuka. Bayan girbi a ɗaure harawa a ɗora a kan reshen bishiya ko rufin soro domin dabbobi, karan dawa ya zama danga da makamashi, gawo kuma ya zubar da ganyensa da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba. Masanin ilimin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin wannan tsari, kuma ya nuna yadda yake ciyar da ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita.

Sai kuma ganuwa da kasuwa. Birane masu ganuwa sun ba mutane tsaro, kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, fatauci ta hamada da sana'o'in rini da saƙa da jima sun jawo baƙi, sannan bayin da aka kwaso daga tsakiyar ƙasa a nan aka zaunar da da yawa daga cikinsu, wato ragin da aka yi wa can ƙari ne ga nan. Isowar layin dogo Kano a 1911 ta buɗe cinikin gyaɗa, madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 kuma ta kawo noman rani a Kadawa da Kura, inda kwandunan tumatir da yawa da ake saukewa da asuba a Mile 12 suke fitowa.

Ita kuma Legas, me ya tara mata wannan jama'a?

Tashar jiragen ruwa da kujerar mulki. Ingila ta karɓe Legas a 1861, ta zama babban birnin ƙasa daga haɗewar Arewa da Kudu a 1914 har zuwa 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta koma Abuja, kuma a tsawon wannan lokaci tashar Apapa, tashar jirgin ƙasa ta Iddo da masana'antun Ikeja sun yi ta jawo masu neman aiki daga kowace kusurwa. Birnin da bai kai mutum 300,000 ba a farkon shekarun 1950 ya kai kimanin 665,000 a 1963. Jihar ta miƙe ne daga Badagry zuwa Epe a gefen teku, amma daga kudu zuwa arewa ba ta kai rabin digiri ba, don haka miliyoyin mutanenta suna faɗawa ne cikin siririn layi guda, abin da ke sa tsakanin digiri 6 da 7 ya yi fice a duk lissafin da aka yi. Yanzu garin ya tumbatsa zuwa jihar Ogun ta Sango-Ota da Ibafo da Mowe.

Ke nan layin kwance shi kaɗai yana iya nuna yawan mutanen wuri?

A'a. Kano, Katsina da Jigawa a haɗe suna da kusan mutum 290 a kowace murabba'in kilomita, Borno da Yobe kuwa, waɗanda suke kan layuka ɗaya da su, ba su kai 60 ba. Layin yana ba da labarin ruwan sama ne kawai, sauran kuma aikin ƙasa ne da ruwan rijiya da tsaro da kasuwa da mulki.

Yaya abin yake a wasu ƙasashe?

Jamhuriyar Nijar ce misali mafi kusa. Yamai, Doso, Tawa, Maraɗi da Damagaram duk suna tsakanin digiri 13 da 15, kuma a wannan siririyar ɗamara ta kudu mafi yawan 'yan ƙasar suke, yayin da jihar Agadas, wadda ta fi rabin faɗin ƙasar, ba ta kai kashi 3 cikin ɗari na jama'a ba a ƙidayar 2012. Wato layin da yake ƙarshen arewa a Najeriya shi ne cibiyar jama'a a Nijar. A Kanada sanyi ne ya tura yawancin mutane kusa da iyakar Amurka. A Masar kuwa layin kwance ba ya bayyana komai sosai, domin kimanin kashi 95 cikin ɗari na mutane suna bin kogin Nilu ne, wanda ya ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa. A duniya baki ɗaya, kusan mutum tara cikin goma suna arewa da Ikwaita.

Za a iya dogara da alƙaluman ƙidaya, ganin yadda ake jayayya a kansu?

Da taka-tsantsan. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 mai miliyan 55.7 ta jawo rikici har gaban kotu, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta 1973, ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. A 2006 an ba jihar Kano mutum 9,401,288, Legas kuma 9,113,605, amma gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya nuna kimanin miliyan 17.5. Tushen rigimar a bayyane yake: yawan jama'a yana cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya da kujerun majalisa. Kano da Legas kowace tana da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, amma Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Legas 20, kuma wannan ya daɗe yana ci wa mutanen Legas tuwo a ƙwarya.

A ganin mai wannan rubutu, adadin kowace jiha abin tuhuma ne, a Kudu da Arewa baki ɗaya, domin babu ɓangaren da ba shi da ribar ƙara wa kansa. Siffar rabon kuwa ta fi ƙarfin maguɗi, saboda hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna rufin gidaje da gonaki suna fito da wurare uku masu cunkoso, wato Legas zuwa Ibadan, ƙasar Ibo zuwa Fatakwal da Uyo, da kewayen Kano zuwa Katsina, tare da yalwar fili a tsakani.

Bahaushen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, a wane layi ake lissafa shi?

A ƙa'ida, inda masu ƙidaya suka same shi, wato a kan digiri 6 da rabi, cikin mutanen Legas, ko da iyalinsa suna Ɗambatta ko Illela. Hausawa sun daɗe a nan. Cinikin goro ya zaunar da su a Agege da Shagamu tun farkon ƙarni na 20, unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916, kuma akwai gidaje a Obalende da Agege da jikoki ne yanzu ke riƙe da su. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, saboda haka ba ta ware yawan Hausawan Legas daban ba.

Abu biyu ne ke rikita lissafin. Na farko, an yi ƙidayar ne a watan Maris, tsakiyar lokacin ci-rani, lokacin da dubban matasa masu dako da ga-ruwa da gadi da sayar da rake suke Kudu, waɗanda da saukar ruwan fari za su koma gona. Na biyu, mutane da yawa daga kowace ƙabila sukan tafi garuruwansu na asali domin a ƙirga su a can, bisa kiran shugabanninsu. Wannan ɗabi'a tana rage wa unguwar da mutum yake zaune a cikinta hujjar neman makaranta da asibiti da famfo, alhali a nan 'ya'yansa suke karatu, a nan kuma matarsa take awo.

Shin wannan rabo yana canzawa?

Yana canzawa, kuma abubuwan da ke jan sa ba gefe ɗaya suke ja ba. Haihuwa ta fi yawa a arewa: binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma 6.6 ne, a Kudu maso Yamma 3.9, a Katsina 7.3, a Legas 3.4. Ƙaura kuma tana jan mutane zuwa kudu da manyan birane. Farin 1972 zuwa 1974 da na tsakiyar shekarun 1980, ƙafewar mafi yawan Tafkin Chadi, rikicin Boko Haram da ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu, da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato duk sun tura jama'a daga ƙauyukan ƙuryar arewa.

Babban sauyin yana faruwa ne a tsakiya. Shawarar da aka yanke a 1976 ta gina sabon babban birni a kan digiri 9 ta dasa gari a inda da ƙauyukan Gwari ne warwatse. Mutanen Babban Birnin Tarayya sun tashi daga kimanin 372,000 a 1991 zuwa miliyan 1.4 a 2006, ban da waɗanda suka cika Suleja da Mararaba da Masaka a jihohin Neja da Nasarawa. Sare daji domin noma ya rage ƙudan tsando, magani ya rage makantar bakin kogi, don haka manoma daga arewa da kudu da kuma makiyaya suka kwararo cikin filayen Neja, Nasarawa, Binuwai da Taraba. Yawancin rigingimun gona da burtali da ake ji a 'yan shekarun nan suna aukuwa ne a wannan ɗamara, tsakanin digiri 7 da 10.